Tsofaffin da Na Zaunar a Inuwa

Kwanakin baya wasu 'yan mata biyu suka shigo gidanmu a Jega da akwatin allura a kafaɗa. Suka ce tsofaffi suke nema, da masu ciwon suga da hawan jini. A tsaye suka yi maganar, ɗaya tana duba wayarta. Na miƙa hannu suka yi mini, na ba su ruwa suka sha. Da na ce musu ni ma na yi aikin nan shekaru masu yawa, sai ƙaramar ta yi dariya ta ce ai aikin ba shi da wuya, shiga gida ne kawai a ce wa mutane su fito. Na raka su har bakin ƙofa. Amma tun daga ranar na nemi takarda, kuma abin nan da nake rubutawa saboda su ne da ire-irensu.

Ni ban taɓa soka wa mutum allura ba. Aikina kira ne. Ina shiga inda namiji ba ya shiga, in zauna da mutanen gida har su yarda su fito, in rubuta musu kati. An ɗauke ni ba da jimawa ba bayan an yanko Kebbi daga Sakkwato, kuma abin da ya sa aka ɗauke ni takardar yaƙi da jahilci ce, na iya rubuta suna ba tare da na ɓata kati ba. A lokacin ina goyon ɗana na uku.

Aikin farko da aka sa ni dafa allurai ne. An haɗa ni da Gwaggo Tumba, wata tsohuwar unguwarzoma wadda rabin matan unguwarmu a hannunta suka haihu. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta san ƙofar kowane gida da wanda ake jin maganarsa a ciki. Wata uku ba ta bari na buɗe baki a gidan kowa ba. Sai dai in wanke sirinji na gilashi, in jera allurai a tukunyar ƙarfe mai murfi, in ɗora a risho, in zauna ina gadin tururi. Kafin a dafa, kowace allura sai na ja tsininta a jikin auduga. In ta kama zare, to bakinta ya tanƙware, a ware ta gefe, don ita ce ke yaga fata ta sa mutum ya rantse ba ya ƙara zuwa. Ku yanzu allurarku a leda take zuwa, ku yi sau ɗaya ku jefar. Mu wadda aka yi wa ɗan Maiyama yau ita za a dafa a yi wa ɗan Aliero gobe.

Sai akwatin sanyi. Ƙanƙarar daga firij mai kananzir muke ɗauko ta, kuma firij ɗin nan yana da hali irin na tsohon jaki: in lagwani ya yi hayaƙi, da safe ruwa za a tarar. Mukan naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, a mota a sa shi ƙarƙashin ƙafa, a ƙauye a nema masa inuwa kafin mu nema wa kanmu. Ba a buɗe shi sai da dalili. Maganin kuwa wani gari ne a kwalba, sai an haɗa shi da ruwansa, kuma kwalba in an fasa ta ba ta kwana. Shi ya sa mai allura ba ya fasa kwalba saboda mutum ɗaya. Sai kin tara masa mutane. Tarawar nan ita ce sana'ata.

Gwaggo Tumba ta koya mini ita a hankali. Ba a shiga gida da akwati a gaba. A yi sallama, a durƙusa, a gaida babba da gajiya da iyali da dabbobi, in an ba ki ruwa ki sha ko da kin ƙoshi. Kada ki ambaci allura sai an tambaye ki abin da ke tafe da ke. In kin tarar ana aiki ki sa hannu, sussuka ce ko tsintar wake. Kuma abin da ta fi nanatawa, wanda ta faɗa mini wata rana muna dawowa a ƙafa tana dafe da kafaɗata:

"Ke ɗiya, in kinka yi ma tsoho ƙarya sau guda, kin ruhe ƙohwar unguwa dut. Abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba."

Yara ba su da wuya. Uwa ta ga ƙyanda ta kashe na maƙwabciya, za ta kawo nata. Wuyar tana ga manya. Tsoho zai ce miki shi ya ci zamaninsa, a ba jikoki. Mai ciwo zai ce jikinsa ba ya ɗauka, allura za ta tayar masa da abin da ke kwance. Mai lafiya kuma zai tambaye ki dalilin da za a soki wanda ba ya ciwo. Mai shela ma bai taimake mu ba, don tun da aka fara aikin nan abin da yake faɗa ke nan, a fito da yara, a fito da yara. Sai ya zauna a kan kowa cewa allurar rigakafi abin yara ce da masu ciki, kamar koko da kunun kanwa.

Na tuna Baba Manu, mahauci a kasuwar Jega. Yana da ciwon suga, ƙashi ya soke shi a ƙafa, gyambon ya ƙi rufewa. Malam Garba, mai allurar da nake bi, ya ce in ba a yi masa ta sarƙe haƙora ba akwai tsoro. Kasuwa uku ina zuwa rumfar Baba Manu. Ya ce shi da wuƙa ya girma, tsinke ba zai ba shi tsoro ba, kawai dai ba ya so. Ya ce ko na ga ciki a jikinsa ne da nake bin sa da allurar mata. Mahauta suka yi ta dariya, ni ma na yi, na sayi tsoka na tafi. A kasuwa ta uku da na zo babu kowa a kusa, sai ya rage murya ya ce in ana iya yi a bayan rumfa inda ba mai gani, to a zo. Aka yi masa yana kallon bango yana salati. Ya roƙe ni kada abokan sana'arsa su ji. Daga nan na ɗauki darasi cewa babba sau da yawa ba allurar yake gudu ba, idon mutane yake gudu. Darasin gaskiya ne. Shi ne kuma ya kai ni ga kuskuren da zan faɗa.

A Sarandosa kuwa abin ya ba ni mamaki. Na je wata ruga na shirya dogon bayani, sai wata tsohuwa mai tari ta katse ni, ta ce in huta, ai shanu sun riga mu. Su sun daɗe da sanin allurar da ake yi wa mai lafiya don kada ya kwanta, sun ga garken da aka yi wa ya tsira, wanda ba a yi wa ba ya ƙare. Ta kwaye hannu tun ban gama zama ba. Mutanen rugage in sun ji ana allura ba sa jiran kira na biyu.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Da bazara ne, ana tsakiyar cirar albasa. Muka fara jin labari daga wajen Maiyama, kafin mu ankara ya shigo ƙauyukan Aliero. Mutum zai tashi da ciwon kai da zazzaɓi, kafin rana ta faɗi wuya ya sanƙare. Ɗakunan asibiti suka cika, aka kafa rumfuna a waje, ana kwantar da mutane a tabarma. Maganin rigakafi ya iso a makare, kuma bai zo da yawa ba. Aka ce duk wanda ya wuce yaye a yi masa, babba da yaro. Malam Garba ya kira ni gefe ya ce yara iyayensu za su kawo su, ni in nemo masa tsofaffi da masu fuka da suga da tsohon tari, don su in ya kama su da wuya su tashi.

Aka tura ni wata tunga, ɗan ƙaramin ƙauye, a bayan Danwarai kwana uku kafin ranar allura. Ba zan kama sunanta ba, jikokinsu suna nan. Da na shiga na tambaya, kowa ya nuna mini gida ɗaya. Inna Kulu ce ke raba goron suna da na biki a tungar, ita ake kai wa ƙara in mata sun yi faɗa. In ta fito tsofaffi sun fito, in ta zauna sun zauna. Na same ta a gindin rudu, rumbun karan nan da suke ajiye albasa, tana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau. Fuka gare ta tun tana da ƙuruciya, in tana numfashi kana jin shi daga bakin zaure kamar ana busa kara.

Ranar farko ban ambaci allura ba. Na zauna muka yi ta tsintar albasa har la'asar, hannuna ya yi kwana biyu yana wari. Ta tambaye ni 'ya'yana da garinmu, ta ce mutanen Jega ba su iya zaɓen albasa ba, babba kawai suke bi ko da cikinta ruwa ne. Rana ta biyu ita ta tayar da maganar. Ta ce ta san abin da ya kawo ni, a yi wa jikoki, ita allura za ta tayar mata da fuka. Na gaya mata gaskiya yadda aka koya mini. Na ce hannu zai yi tsami, wataƙila jiki ya yi ɗumi kwana ɗaya. Na ce ba ta warkar da fuka, ba ta warkar da komai, tsari ce da ake yi kafin ciwo ya zo, kuma mai fuka ya fi kowa bukatar tsarin. Ta ci gaba da juya albasa a hannu.

Sai a rana ta uku ta faɗi ainihin abin. Za a kafa tebur a ƙofar gidan maigari, kuma wanda zai tsaya yana tsara layi shi ne wakilin maigari, mijin 'yarta ta fari. Tun da ya auri 'yar ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci inda zai gani ba, in sun haɗu a hanya ɗaya yakan ratse. To yaya za ta tsaya a layi tare da matan 'ya'yanta, ta sauke mayafi, ta buɗe kafaɗa a gabansa? Ta ce gara sanƙarau. Kuma ba ita kaɗai ba, kowace tsohuwa a tungar tana da wanda take jin nauyinsa a wannan fili.

Ni kuwa na ga na samu dabara, irin ta bayan rumfar Baba Manu. Na ce akwai dogonyaro a cikin gidan maigari, bayan zana. Za a shimfiɗa musu tabarmi a inuwa su zauna da mutuncinsu, ba layi, ba rana, ba idon suruki. In taro ya watse ni da kaina zan shigo da mai allura. Ta dube ni da kyau.

"Kin ɗauki alkawali, ɗiyar nan?"

"Na ɗauka, Inna."

"To mu zamu zamna. Ke kinka ce."

Sun zo. Wannan shi ne abin da ban taɓa gani ba kafin ranar, ban kuma sake gani ba bayanta. Tun hantsi bai yi ba suka shigo ta ƙofar baya, sun yi wanka, sun ɗaura zannuwan zuwa suna. Akwai wadda 'yarta ta goyo ta. Akwai makauniya da aka jawo da sanda. Tsofaffi maza biyu masu kumburin ƙafa suka zauna a ƙaramin zauren ciki. Tabarma huɗu suka cika. Inna Kulu tana tsakiya tana nuna wa kowa wurin zama. Da motarsu ta iso na gaya wa Malam Garba cewa na tara masa tsofaffi a ciki, sai an gama da na waje, ya ce to madalla. Ban ce masa ya ware musu kwalba ba. Bai zo mini a rai ba. A lissafinmu maganin ya ishi tungar har da saura.

Abin da ba mu sani ba, labari ya bi 'yan albasa ya shiga kasuwar Aliero. Kafin mu gama kafa tebur sai ga mutanen rugage da na wasu tungaye, a ƙafa, a jaki, a amalanke. Fili ya cika har bakin gonaki. Ba wanda za ka ce ya koma, kowa ya bar gawa ko majinyaci a garinsu. Aka zaunar da ni ina rubuta kati, hannuna bai huta ba. Sau biyu na saci jiki na shiga ciki na kai musu ruwa a buta. A zuwa na biyu inuwa ta matsa, sun ja tabarmi sun bi ta, numfashin Inna Kulu ya yi nauyi saboda zafi. Ta ce mini cikin wasa ko sai sun ƙara tsufa za a yi musu. Tsofaffi suka yi dariya. Na ce saura kaɗan.

Wajen azahar Malam Garba ya buɗe akwati ina kusa, na leƙa. Kwalba biyu suka rage. Na sunkuya na ce masa tsofaffi suna ciki. Muryata ba ta da ƙarfi, ga kukan yara, sai da na faɗa sau uku. Ya ce waɗanne tsofaffi, sannan ya tuna, ya dafe kai, ya ce bari ya rage layin nan. Wakilin maigari yana tsaye a gefe da sanda, ya ji abin da na ce. Shi kaɗai ne mutumin da in ya ɗaga murya filin zai yi shiru. Na dube shi na ce Inna tana ciki tun safe. Sai ya sunkuyar da kai, ya matsa can ƙarshen layi. Ba mugunta ba ce. Ba zai iya tsayawa a gaban jama'a ya yi maganar surukarsa ba, balle a ce ya tsayar da 'ya'yan mutane saboda ita.

Da aka zo kwalbar ƙarshe Malam Garba ya riƙe ta bai fasa ba. A gaban tebur wata mata ce daga ruga da yara uku, ɗaya a baya, biyu riƙe da zaninta, leɓunansu sun bushe. A bayanta wasu ne irinta har inda ido ya kai.

"Malama, ke za ki ce. In ɗauka mu shiga ciki, ko in yi wa waɗannan?"

Na ɗauki biro. Na tambayi matar sunan babban yaron, na rubuta a kati. Ya fasa kwalbar.

Da fili ya watse na shiga bayan zana na durƙusa. Ba sai na yi dogon bayani ba, sun ji ana naɗe kaya. Wata ta yi tsaki, wata ta ce daman ta faɗa. Inna Kulu ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya ko yara sun samu, na ce na tungar duk sun samu. Ta ce to madalla, ta nemi a ɗaga ta. A nan na yi kuskure na biyu. Na ce musu sati mai zuwa za mu dawo, nasu kaɗai za mu kawo. Ban san haka ba. Ba wanda ya gaya mini. Kunya ce ta sa na faɗa.

Ba mu dawo sati mai zuwa ba, ba mu dawo na bayansa ba. Maganin da ya ƙara zuwa aka tura inda ciwon ya fi tsanani, kuma ba zan ce an yi ba daidai ba. Kullum da safe in je in zauna a benci a ofis in tambaya, a ce tukuna. Gwaggo Tumba ta riga ta daina fita a lokacin, na je na gaya mata. Ba ta zage ni ba. Ta ce da na tambaye ta da ta gaya mini, tsoho ba a ajiye shi a ƙarshe, a farko ake shiga masa ɗaki tun kafin a kafa tebur, sannan a fito wa taro. Ta ce ita ta ɗauka na sani.

A sati na uku wani ɗan albasa ya kawo labari Jega. Ciwon ya shiga tungar. Yara da samari da aka yi wa suna tsaye. Makauniyar nan ta rasu, da ɗaya daga cikin tsofaffin zaure. Inna Kulu an kai ta Aliero a amalanken shanu, wuya a sanƙare. Mutane suka ce da fukar nan ba za ta kai gari ba. Ta kai, aka yi mata allurar nan mai maiƙo da ake yi wa masu sanƙarau, ta tashi. Sai dai kunnuwa biyu sun tafi.

Sai da aka yi wata guda da 'yan kwanaki muka samu kwalabe kaɗan muka koma. Na riga mota da kwana ɗaya, na bi ɗaki-ɗaki. Aka karɓe ni da ruwa da gaisuwa, ba wadda ta yi mini rashin mutunci, kowa ta ce sai ta ga abin da Kulu ta yi. Gidan Inna Kulu kuwa 'yarta ta ce tana barci. Da safe muka kafa tebur a wurin da muka kafa a da. Wakilin maigari ya zo ya tsaya da sandarsa ba layin da zai tsara. Tsofaffi suna leƙe ta ramukan zana.

Sai ga Inna Kulu ta fito, ta rame, tana dogara sanda. Ba ta bi ta baya ba. Ta ratsa fili ta wuce ta gaban surukinta kamar ba ta gan shi ba, ta zo gaban tebur ta sauke mayafi ta buɗe kafaɗa. Shi ya juya baya da sauri. Ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, har na bayan zana suka ji.

"Ga ni na zaka. Ku yi min, kunnena shi buɗe."

Na girgiza mata kai. Na nuna kunne na kaɗa hannu. Ta ɗauka cewa nake babu magani, ta nuna akwati da sanda. 'Yarta ta sa baki a kunnenta ta yi ihu, ba ta ji ba. Na ɗauki kati na juya bayansa na rubuta cewa allurar ba ta buɗe kunne, na miƙa mata, sai da ta karɓa na tuna ba ta karatu. Ta duba shi ta soke a bakin zani. Duk abin da na iya a sana'ar nan da baki nake yin sa, kuma ga wadda ta fi kowa bukatar ta ji ni ba ta da kunne. Malam Garba ya ce ba za ta cutar da ita ba, za ta tsare ta gaba, kuma in aka hana ta a gaban mutane an gama. Ya yi mata. Tana murza wurin ta tambaye ni kwana nawa take yi kafin ta kama. Allurar kan ɗauki kamar kwana goma kafin ta fara tsaron jiki, haka muke gaya wa kowa. Na ɗaga mata yatsu goma. Ta ƙirga su da ido, ta gyaɗa kai, ta ce ba komi, ta iya jira.

Tsofaffin da ke bayan zana ba su fito ba. Suka ce bari su ga kwana goman. Muka zauna har la'asar, kwalbar da aka fasa saboda mutum ɗaya muka zubar da sauranta.

Kunne bai buɗe ba, ba zai buɗe ba. Maganar da ta zauna a tungar, ta kuma bi aure da kasuwa ta shiga maƙwabta, ita ce an yi wa Kulu ba ta warke ba. Na yi bayani a ɗakuna da yawa cewa tsari daban, magani daban, cewa jikokinsu da aka yi wa ga su nan suna gudu. Sai a ce haka ne, Malama, Allah ya saka. In ranar allura ta zo a turo yara. Ba su yi mini ƙarya ba, ba su kuma fito ba.

To ku da kuke ɗauke da akwati yanzu, ga abin da nake da shi. Allurar tana aiki, na gani da idona a tunga ɗaya, waɗanda suka samu da waɗanda na zaunar. Ku fara da tsoho da mai ciwo, a ɗakinsa, kafin kowa ya san kun iso. Ku ware nasu ku ɗaure da tsumma. Ku faɗi abin da allura ba ta yi tun kunne yana ji. Kada ku sa rana in ba ku ne da mota ba. Kuma ku zauna, don Allah, ku daina yi wa tsoho magana a tsaye. Ban sani ba ko za ku karanta. Ni ma an gaya mini rabin wannan tun ina dafa allurai, kuma ga abin da na yi.

Na ci gaba da zuwa tungar shekara da shekaru saboda allurar yara. Duk sanda Inna Kulu ta hango ni sai ta ɗaga hannuwa biyu ta buɗe yatsu. Ba da fushi ba, tambaya take yi. Ni kuma in durƙusa in gaishe ta da hannu. A zuwana na ƙarshe da na same ta da rai, tana kwance a ƙofar ɗaki an tokare mata baya da buhu don ta samu numfashi. Ta kama bakin zanina ta jawo ni kusa, ta ce da muryar nan mai ƙarfi:

"Ɗiyar nan, gomar nan taki, ta kwana ce ko ta shekara?"

Ta yi dariya ita kaɗai har tari ya sarƙe ta. Da damina ta rasu, fukar ce ta ɗauke ta. Daga ita, ba tsohon da ya sake buɗe mini kafaɗa a tungar nan har na bar aiki.